AMSOSHIN WASIƘUNKU: Sarbantes na ƙasar Sifen da Abubakar Imam na Zariya

 A wannan fili muke juye amsoshin da muka bayar a rediyo zuwa kan takarda, domin wanda shirin ya wuce shi yana gona ko yana kasuwa ya samu ya karanta, wanda kuma ya ji amma bai riƙe sunaye da shekaru ba ya samu abin ajiyewa.

A wannan mako wasiƙu biyu muka haɗa wuri ɗaya. Ta farko daga wani ɗalibi ce a Samaru, Zariya. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce ya ji mun ambaci cewa ranar 23 ga watan Afrilu ita ce ranar littafi ta duniya, kuma wai akwai wani marubucin ƙasar Sifen a cikin dalilan zaɓen ranar. Shi ne yake so a ba shi tarihin mutumin, a kuma gaya masa ko mu Hausawa muna da wanda za mu ajiye kusa da shi.

Ta biyu kuwa daga wata malamar firamare ce a Sabon Gari. Ita gardama ce ta kaure musu a ofishin malamai. Wani abokin aikinta ya ce marigayi Alhaji Abubakar Imam ba shi ya ƙago labaran Magana Jari Ce ba, kwaso su ya yi daga littattafan Larabawa da na Turawa, don haka yabon da ake yi masa ya yi yawa, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Malama ta ce abin ya tsaya mata a rai, domin da wannan littafi take koya wa yara karatu, ba ta kuma son ta riƙa yabon ɓarawo a gaban 'ya'yan mutane. Ta ce a gaya mata gaskiya komai ɗacinta.

To Malam, to Malama, mun gode da wasiƙunku, Allah ya bar zumunci. Tambayoyin nan naku hanyarsu ɗaya ce, sai dai tana da ɗan tsawo. Sai ku gyara zama.

WANE NE SARBANTES?

Sunan mutumin Miguel de Cervantes, a baki kuwa sai ka ce Sarbantes. An haife shi cikin shekarar 1547 a garin Alkala de Henares, kusa da birnin Madrid. Mahaifinsa irin wanzaman wancan zamani ne, masu tsaga da ƙananan ayyukan magani, talaka ne mai fama da bashi, yana yawo da iyalinsa daga wannan gari zuwa wancan. Sarbantes bai yi karatun jami'a ba. Yana saurayi ya tafi Italiya ya shiga soja. A shekarar 1571 aka yi babban yaƙin ruwa na Lefanto tsakanin jiragen Daular Usmaniyya ta Turkawa da na ƙasashen Kiristoci, a nan aka harbe shi, hannunsa na hagu ya mutu har ƙarshen ransa.

A 1575 yana hanyar komawa gida sai 'yan fashin teku suka tare jirginsu, suka kai shi birnin Aljiyas tare da ƙanensa. Shekara biyar ya yi a tsare. Sau huɗu yana yunƙurin gudu ana kamo shi, sai a 1580 aka fanshe shi da tsabar zinariya 500. Da ya koma Sifen bai tarar da komai ba sai talauci. Ya taɓa rubuta wasannin kwaikwayo, ya fitar da wani littafi mai suna La Galatea a 1585, amma abin bai ciyar da shi ba. Sai ya kama aikin tara wa rundunar jiragen ruwan sarki alkama da man zaitun, daga baya ya koma karɓar haraji. Lissafi ya rikice, a 1597 aka jefa shi kurkuku a birnin Sebiya.

Yana da shekara 57 a duniya, wato a 1605, ya fitar da littafin da ya sa har yau ake ambatonsa, Don Kihote. Labarin wani dattijo ne ɗan ƙauye wanda ya yi ta karanta littattafan barade da jarumai har ƙwaƙwalwarsa ta juye. Sai ya zaro tsohon sulken kakanninsa, ya hau wani ramammen doki, ya ɗauki wani manomi maƙwabcinsa mai suna Sanco Fanza a kan jaki, wai sun tafi gyaran duniya. Ya ga injinan niƙan hatsi masu aiki da iska ya ce samudawa ne, ya auka musu da mashi. Ya ga garken tumaki ya ce rundunar mayaƙa ce. Mutane suka yi ta dariya, littafi ya yi kasuwa, har a 1614 wani ya ƙago kashi na biyu na jabu ya sa a kasuwa. Wannan ya sa Sarbantes ya gaggauta fitar da nasa kashi na biyun a 1615. Ya rasu a Madrid ranar 22 ga Afrilu, 1616, aka binne shi washegari, bai bar wata dukiya ba. Shi da Shakespeare na Ingila suna cikin waɗanda hukumar UNESCO ta duba lokacin da ta tsai da ranar littafi a 1995. Mutanen Sifen kan kira harshensu da sunan harshen Sarbantes, kuma tun 1976 suke ba da babbar kyautar adabi da sunansa.

Amma ga wani abu da ya shafe mu. A cikin littafin, Sarbantes ya nuna wai ba shi ne ainihin mai labarin ba, wai wasu tsofaffin takardun Larabci ya saya a kasuwar birnin Toledo, na wani masanin tarihi Balarabe, ya biya wani ya fassara masa. Wasa ne irin na marubuta, amma ruwa ba ya tsami banza. Musulmi sun shiga wannan ƙasa da ake kira Andalus a shekarar 711, mulkinsu na ƙarshe kuma bai faɗi ba sai a 1492, a Garnaɗa. Musulmin da suka rage bayan nan sun riƙa rubuta harshen Sifen da baƙaƙen Larabci, ana kiran wannan rubutu alhamiyado, daga kalmar ajamiyya. Malam, ka ji ajaminmu ke nan a bakin wasu. Tun a 1251 kuma aka fassara littafin Kalila wa Dimna daga Larabci zuwa harshen Sifen, yana cikin littattafan labarai na farko-farko da suka samu a harshensu. Ku riƙe sunan wannan littafi, za mu sake gamuwa da shi a Zariya.

DAGA KAGARA ZUWA KATSINA

To, mu dawo gida. Idan ana neman wanda ya yi wa rubutun zube na Hausa irin abin da Sarbantes ya yi wa na mutanensa, babu sunan da zai riga na Alhaji Abubakar Imam fitowa.

An haife shi a 1911 a garin Kagara, wanda a lokacin yake cikin lardin Kwantagora, yanzu kuwa yana cikin Jihar Neja. Gidansu gidan malamai ne, sunan mahaifinsa Malam Shehu Usman, saboda haka da allo ya fara, ya kuma sami Larabci tun a gida. Wansa Malam Muhammadu Bello Kagara malami ne a Katsina, shi ne daga baya ya zama Walin Katsina. Ta hannunsa Abubakar ya je Katsina ya shiga makarantar boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, makarantar da ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Kun ga ke nan malamin makaranta ne kafin ya zama komai. Mu da muka riƙe alli kafin mu riƙe makirfo, wannan abin alfahari ne a wurinmu.

Sai a lura da abu ɗaya. Hausawa ba su jira zuwan Bature ba kafin su yi rubutu. Tun kafin jihadi da bayansa malamai suna rubuta waƙoƙin wa'azi da na fiƙihu da na tarihi da ajami, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu. Abin da babu shi ne ƙagaggen labari a rubuce, wanda mutum zai zauna ya karanta don nishaɗi. Wannan a wancan lokaci tatsuniya ce, aikin tsofaffin mata da yara da dare. Malami mai mutunci ba ya ɓata tawadarsa a kan abin da ya san bai faru ba.

GASAR 1933

Turawan mulki sun buɗe makarantun boko, yara sun iya haɗa baƙi, amma babu abin karantawa. Sai aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya, daga baya aka mai da ita Hukumar Talifi, a ƙarƙashin wani Bature jami'in ilmi mai suna Dokta Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta labarai na ƙirƙira, za a yi gasa. Ya sha wuya kafin ya shawo kansu, saboda dalilin da muka faɗa a sama.

Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da shi East. Ku duba ku gani, biyu daga cikin biyar ɗin daga gida ɗaya suka fito, ɗaya kuma daga nan Wusasa, bayan ganuwar Zariya.

Imam yana da shekara 22 lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar Kwantagora ya shiga duniya neman wani ruwa da aka ce shi kaɗai zai warkar da ɗan sarki, don ya wanke Liman daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. Amma duk wanda ya karanta ya san ba ruwan ne ke riƙe mai karatu ba. Abin da ke riƙe shi shi ne Malam Zurƙe ɗan Muhamman, wanda duk garin da Alhaji ya sauka sai sun gamu, wannan ya shirya wa wancan tsiya, wancan ya rama. A nan East ya gane ya sami mutumin da yake nema: yaro mai Larabci, mai Turanci, mai kunnen jin yadda Bahaushe ke magana a bakin kasuwa.

WATA SHIDA A ZARIYA

A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya don ya rubuta littafin karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya ga abin da zai iya yi da su. Cikin wata shida ya gama littafi uku na Magana Jari Ce, masu ɗauke da labarai fiye da 80. Na farko ya fito a 1937.

Ga waɗanda suka manta, a littafi na ɗaya Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da jikansa Mahmudu, ya bar ɗansa Musa a gida. Waziri ya ƙulla makirci don ya hallaka Musa ya gaje sarauta. Duk daren da Musa ya yi shirin fita ya bi sawun Mahmudu, sai aku ya tsare shi da labari har gari ya waye. Da haka ya tsira, aku kuma ya zama Waziri. A littafi na biyu gasar ba da labari ce tsakanin Waziri Aku da wani akun mai suna Haziƙ. A na uku kuwa Waziri Aku ne ke koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Sunan littafin ma ya isa darasi: tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da dukiya, da bakinsa kaɗai ya ceci gidan sarauta.

TO, ARO NE KO SATA?

Malama, yanzu mun iso kan tambayarki. Abokin aikinki bai yi ƙarya ba a rabin maganarsa. Da yawa daga cikin labaran Magana Jari Ce tushensu a waje yake. Masana irin su Farfesa Ibrahim Malumfashi da Farfesa Abdalla Uba Adamu sun bi sawun labaran, sun nuna waɗanda suka fito daga Alfu Laila wa Laila, wato Dare Dubu da Ɗaya, da na Kalila wa Dimna, da na wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa da ake kira Grimm, da sauransu. Ko a Ruwan Bagaja ma, East ya cire wasu wurare da ya ga sun yi kusa ƙwarai da littattafan da aka ɗauko su. Shi kansa Imam ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa dabarar mutum biyu masu yi wa juna wayo daga Muƙamatul Hariri ya samo ta, littafin da manyan ɗalibai ke karantawa a zaurukan malamanmu.

To amma ɓarawo ɓoye kaya yake yi. Wanda ya nuna maka gidan da ya yi aro da bakinsa, ba ka kira shi ɓarawo ba. Sa'an nan sai a duba abin da ya yi da kayan bayan ya aro su. Bari in ba ki misali biyu.

Na farko, shi kansa akun. A ƙasar Indiya akwai wani tsohon littafi mai suna Shuka Saptati, wato labarai saba'in na aku. A can, wani ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa, duk daren da ta yi ado za ta fita wurin kwartonta sai aku ya riƙe ta da labari. Imam ya ɗauki aku, ya ɗauki dabarar riƙe mutum da labari har asuba, amma ya zubar da maganar kwartanci, wadda ba za ta shiga aji ba. Ya kawo fada irin tamu, da sarki da waziri da bayi da dogarai da 'yan lifida, ya mai da abin ya zama maganar amana da cin amana a gidan sarauta. Yaron da ya tashi a Zariya ko Katsina bai ga baƙon abu ko ɗaya a ciki ba.

Na biyu, labarin Kalala da Kalalatu. A wurin Jamusawa, wata kuku ce maigidanta ya sa ta gasa kaji biyu don baƙo. Kwaɗayi ya sa ta cinye su. Da baƙon ya iso sai ta raɗa masa cewa wuƙar da ya ji maigida yana wasawa ta yanke masa kunnuwa ce, baƙo ya zura da gudu. Ta juya ta ce wa maigida baƙo ya sure kaji. Maigida ya bi shi da wuƙa a hannu yana roƙon a bar masa ko da guda ɗaya, shi yana nufin kaza, baƙo yana jin kunne ake nufi. Bahaushen 1936 ina ya san wata kuku a gidan gwauro? Sai Imam ya mai da su miji da mata, ya ba su sunayen da kana ji ka fara murmushi, ya sa musu halin da kowa ya san irinsa a unguwarsu. Ƙashin labarin na Jamus ne, amma tsoka da fata da muryar duk na nan ne.

Haka labari yake tun fil azal, matafiyi ne ba ya da fasfo. Kalila wa Dimna ɗin nan a Indiya aka haife shi, ya shiga Farisa, Ibn Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8, ya tsallaka Sifen a 1251, ya sauka a Zariya a 1936. Sarbantes a kan tsofaffin littattafan barade ya gina nasa. Shakespeare ma yawancin wasanninsa daga littattafan wasu ya samo labarinsu. Abin da ake auna marubuci da shi shi ne, bayan ya taɓa labari, ya zama nasa ko bai zama ba? Ki gwada karanta shafi ɗaya na Magana Jari Ce da ƙarfi a gaban tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba. In ta tsaya tambayar ma'anar wata jimla, to fassara ce. In kuwa ta kama dariya tana tafa hannu, to Hausa ce.

Sai dai kada ɗalibinmu na Samaru ya ji wannan ya ce an ba shi lasisin kwafe aikin wani ya miƙa wa malaminsa. Wancan daban, wannan daban. Yau akwai dokar haƙƙin mallaka, akwai kuma ƙa'idar ambaton inda ka ɗauko abu. Wanda ya kwashi shafin wani kalma da kalma ya sa sunansa, wannan sata ce ko a wane zamani.

GASKIYA TA FI KWABO

Da a ce Imam ya tsaya a nan ma, ya isa a tuna da shi. Amma aikin da ya fi cin ƙarfinsa yana gaba. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu jita-jita ta cika ƙasa, har ana cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus. Gwamnati ta ga tana bukatar jarida da harshen da talakawa ke ji. A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Ya riƙe ta wajen shekara 12.

A wannan kujera ce ya yi wa harshen Hausa babbar hidima. Kullum sai ga sabon abu ya zo daga duniya wanda ba shi da suna a Hausa, na yaƙi ko na mulki ko na kiwon lafiya, dole edita ya samo yadda zai faɗe shi mutumin ƙauye ya gane. Daidaitacciyar Hausar da muke karanta labarai da ita a rediyo yau, da yawanta a teburin Gaskiya aka sassaƙe ta. Ya kuma buɗe wa masu karatu fili suna aiko da wasiƙu, suna tambaya, suna kuka da abin da ya dame su. In kun duba da kyau, wannan fili namu jikan wancan ne.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. Malam na Samaru, in ka shiga mota ka wuce Kwangila, ka ratsa Sabon Gari, ka haye gadar Kubanni, ka tambayi Gaskiya, ko yaro zai nuna maka. A wannan wuri aka buga littattafan da suka raini iyayenmu da mu kanmu. Daga baya, a 1966, aka kafa kamfanin buga littattafai na NNPC a nan Zariya, ita kuwa jaridar ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna.

TAFIYA INGILA DA SIYASA

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editocin jaridun Afirka ta Yamma su takwas zuwa Ingila. Dokta Nnamdi Azikiwe yana cikinsu, Imam ne kaɗai daga Arewa. A can su Azikiwe suka rubuta takardar neman a tsai da lokacin ba da mulkin kai. Imam ya ƙi sa hannu, yana ganin Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani, in aka yi gaggawa za a bar ta a tasha. Jaridun Ikko sun yi masa ca a kan haka. Har yau masana tarihi sun kasu, wasu na cewa hangen nesa ne, wasu na cewa ya cika bin Turawa a hankali. Amma a wannan tafiya ce kuma ya gana da Lugga, tsohon gwamnan da ya ci ƙasar Hausa da yaƙi, ya zayyana masa illolin mulkin En'e da yadda ake danne matasa masu ilmi, daga baya ma ya bi shi da dogayen wasiƙu a kan haka. Labarin wannan tafiya shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944.

Yana cikin waɗanda aka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa da su, wadda ta rikiɗe ta zama NPC. A zaɓen 1951 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, daga nan ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko. Siyasa ba ta riƙe shi da daɗewa ba. Ya koma aikin Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, inda ya yi shekaru a lokacin da ake fafutukar samar da 'yan Arewa da za su karɓi kujerun da Turawa ke bari. Alƙalaminsa kuwa bai bushe ba. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai Ikon Allah wanda suka yi da East a kan halittu da kimiyya, akwai Tarihin Annabi Kammalalle, da Sayyidina Abubakar, da Haji Mabuɗin Ilmi. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70. A 1989 kamfanin NNPC ya buga tarihin rayuwarsa da Turanci, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tace. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, amin.

INA SUKA HAƊU, INA SUKA RABU?

Malam, ga amsarka a dunƙule. Dukansu biyu sun tarar da harshensu yana da waƙa da tatsuniya, suka bar masa gadon ƙagaggen labari da na baya suka ɗora a kai. Dukansu sun sha daga rijiyar Larabawa. Dukansu sun gane cewa mutum biyu masu saɓanin hali, in ka haɗa su tafiya, labari ba zai mutu ba: can Don Kihote da Sanco, nan Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Inda suka rabu kuwa, Sarbantes ya rubuta nasa ne yana tsoho, bayan yaƙi da bauta da kurkuku, yana yi wa tsofaffin littattafai ba'a. Imam ya rubuta nasa yana saurayi, bisa buƙatar hukumar ilmi, don yaran da ba su da littafi ko ɗaya. Sarbantes ya mutu a talauce, sai bayan ransa mutanensa suka ɗaukaka shi. Imam ya ga girmansa da idonsa, har gidan talabijin na NTA Kaduna ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo 'yan shekaru bayan rasuwarsa. Marubutan da suka cika kasuwar Kano da littattafai tun daga shekarun 1980, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, a kan hanyar da su Imam suka share suka bi.

Abin da ya rage namu ne. Gwamnatin Sifen ta kafa cibiya da sunan Sarbantes a 1991, tana koyar da harshensu a ƙasashen duniya. Mu kuwa sau nawa za ka shiga gidan ɗan boko Bahaushe ka tarar da littattafan Turanci jere a kanta, babu Magana Jari Ce ko ɗaya? Wanda yake da hali ya sayi na gaskiya, ba na masu satar bugu ba, ya ajiye wa 'ya'yansa, ya kuma riƙa karanta musu da dare. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ke kuma Malama, ki ci gaba da koyar da littafinki, hankalinki kwance. In kin gama karanta wa yara labari, ki gaya musu daga inda ya taso da ƙasashen da ya ratsa kafin ya iso ajinsu, sa'an nan ki ce kowa ya je ya nemo tatsuniya ɗaya wurin kakarsa ya rubuto ta da irin tasa Hausar. Shi kuma abokin aikin naki, ki miƙa masa wannan shafi, ki ce muna gaishe shi, in yana da ja ƙofarmu a buɗe take, ya rubuto.

Da fatan masu tambaya sun gamsu. Sauran wasiƙun da suka iso hannunmu suna nan a layi, kowa ya yi haƙuri, za a zo kansa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.